Ina jami'a, wace sana'ar hannu ya kamata in koya?

Wata ɗaliba ce ta turo da wannan tambayar: "Assalamu alaikum Malama, ina aji biyu a jami'a, Fiziks nake karantawa. A kwas ɗin koyon sana'a an koya mana sabulun ruwa da turaren ɗaki cikin kwana biyu aka bamu satifiket, amma har yau ban ga abinda zanyi dashi ba. Ƙawayena suna cewa inje in koyi kwalliya ko yin kek, Baba kuma yace in tsaya kan karatuna kawai. Wai da gaske koyon sana'a yana da amfani ga 'yar jami'a, kuma wacce zan koya?"

Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya miki albarka da kika yi wannan tunanin tun kina aji biyu, don mafi yawan 'yan matan da suke zuwa wajena sai sun gama bautar ƙasa sun zauna a gida an kai takardu nan an kai can shiru, sannan ake tuna sana'a. Eh yana da amfani, amfani ma ba kaɗan ba, amma ba irin wanda aka yi muku ba. Kwana biyu ba'a koyon sana'a a cikinsu, nuna muku aka yi kawai.

Bari in fara da inda abin ya samo asali don kar kiga kamar malamanku ne suka yi muku rowa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ta wajabta wannan kwas ɗin akan kowane ɗalibin jami'a a Najeriya tun zangon karatu na 2007/2008, ko likita kake karantawa ko Larabci sai kayi shi, kuma niyyar mai kyau ce, an ga cewa gwamnati bazata iya ɗaukar duk masu digiri aiki ba. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Ki duba yawanku a aji, ɗaruruwa, wani wajen ma sama da dubu a zaure ɗaya, mai koyarwa ɗaya ko biyu, kuɗin kayan aiki kuma ba yawa, to me za'a koya wa mutum ɗari biyar da bokiti uku da muciya in ba sabulu ba? Shi yasa kusan ko'ina kika je sabulun ne, da man shafawa, da turaren ɗaki, da sarƙar duwatsu. Sai ku fito gaba ɗayanku da abu iri ɗaya, a unguwarku kuma dama akwai matan aure biyar da suke yin sabulun nan tun kina firamare kuma sun fiki kwastoma, ga na kamfani a shago, in ma kince zaki kai naki manyan kantuna sai an tambayeki lambar NAFDAC. Ba sabulun ne bashi da daraja ba, akwai mata da suka gina gida dashi, amma waɗannan sun san awo, sun san me yasa yake tsinkewa ko yayi wari bayan sati biyu, sun san cewa soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, sun san fomalin da wasu ke zubawa don kar ya lalace guba ne ga fata. Wannan sanin shine sana'ar, kuma watanni yake ci.

Ni abinda nake auna ɗalibata dashi kafin ince ta iya, shine zata iya yin aikin tun daga farko har ƙarshe ba kowa a kanta, sannan wanda bai santa ba, ba ɗan uwanta ba ba ƙawarta ba, ya ciro kuɗi ya biyata ya kuma dawo, sannan in aikin ya ɓaci ta gano daga ina ɓarnar take ta gyara. In babu waɗannan to satifiket ɗin ado ne a cikin fayil.

Yanzu ga abinda nafi son ki riƙe a duk amsar nan. Kullum ana nuna wa 'ya mace cewa kasancewarta mace shine cikas ɗinta a sana'o'in fasaha, ni kuma abinda na gani a aikin nan shine a garuruwanmu na Arewa kasancewarki mace kasuwa ce da babu namijin da zai iya ƙwace miki ita. Ki tuna gidaje nawa ne a layinku aka rubuta "ba shiga" a ƙofa. Soket ya ƙone, fanka ta tsaya, inbata tana ƙara, famfo yana yoyo, uwargida tana zaune da matsalar tun safe amma sai an jira maigida ya dawo da yamma ko ranar da baya fita, sannan a kira mai gyara, a ce mata su shiga ɗaki, a sa yaro ya tsaya a kansa. Wani maigidan ma yana tafiya ne sai bayan wata biyu. Ke kuwa sallama kawai zakiyi ki shiga har ƙuryar ɗaki da ƙarfe goma na safe, ba mai jiran kowa, kuma in kika yi aiki mai kyau a gida ɗaya to matar nan da bakinta zata yi miki talla a gidan suna da islamiyya da guruf ɗin WhatsApp na danginsu. Haka hostel ɗin mata, makarantun kwana na 'yan mata, ɗakin haihuwa a ƙananan asibitoci, shagunan gyaran jiki, duk wuraren da ake jin nauyin shigar da namiji ne.

Tunda Fiziks kike, ni da zaki bi tawa harkar wuta da sola zaki kama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari gidaje da yawa, a Afrilun 2024 kuma aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, ya kai naira 225 duk yunit, to mutane suka koma sola gadan-gadan, har masu shagon caji da masu sayar da ƙanƙara da manoman rani masu famfon ban ruwa. Masu haɗawa sun yi yawa amma waɗanda suka san lissafin abin kaɗan ne, nan kuma ke kike da fifiko, don dokar Ohm da jeren siris da faralel da kuka yi a aji ɗaya sune ainihin aikin. Misali gida ne mai ƙwan fitila 4 kowanne wat 10 ana kunna su awa 6, wannan 240 kenan, fanka 2 masu wat 60 na awa 8 ya bada 960, talabijin mai wat 80 na awa 4 ya bada 320, jimla wat-awa 1,520 a rana. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 a takarda yana ɗauke da 2,400, amma irin wannan batirin ba'a so a riƙa shanye fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, kenan 1,200 ne naki, guda ɗaya bazai riƙe gidan ba in yawancin amfanin da dare ne. Wanda bai san wannan ba sai ya saka guda ɗaya don ya nuna shi mai sauƙi ne, bayan wata shida batir ya mutu, masu gida suce sola ƙarya ce. Haka fanel, a yankinmu ana lissafi da wajen awa 5 na rana mai ƙarfi, ki raba 1,520 gida 5 ya baki wat 300 da ɗan kai, sai ki ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku saboda asarar waya da zafi da ƙura, ki tashi da 400 zuwa 450. Ki fuskantar dashi kudu ki ɗan karkata shi, kar ki bari inuwar tankin ruwa ko bishiyar darbejiya ta faɗo masa, ki gaya musu lokacin hunturu a riƙa goge shi don ƙura tana cinye wutar sosai, ki duba kaurin waya, kisa fiyus da bureka a inda ya dace, ki faɗa wa uwargida da baki cewa dutsen guga da hita ba na wannan inbatar bane. Kinga duk wannan ba ƙarfin damtse yake so ba, kai yake so da natsuwa.

Kuma ba lallai sai kin hau rufi ba in shine abin tsoron. Da yawa daga cikin kuɗin harkar yana ƙasa ne, lissafin lodi, haɗa allon rarraba wuta, saita inbata da kwanturola, duba ruwan batir duk wata, gano laifi idan abu ya tsaya. Ki samu ƙaninki ko yaron aiki ya ɗaura fanel a sama kina ƙasa kina auna abinda yake saukowa da mita. In kuma kina iya hawa tsani to ki hau abinki, akwai masu yi. Abu ɗaya ne bana wasa dashi, wutar fanel idan aka jera su da yawa tana kai ɗaruruwan bolt kuma tana kisa, babu maganar ai ba ta NEPA bace. A cire zobe da awarwaro da agogon ƙarfe, a sa takalmi mai ƙasan roba, hijabi ya zama ƙarami wanda baya lilo ko a cusa shi cikin riga, riga doguwa zuwa gwiwa da wando mai faɗi, sutura ta cika aiki kuma ya yiwu.

Gyaran waya ma haka yake. Tambayi ƙawayenki mutum nawa ne a cikinsu suke ajiye waya da fasasshen sikirin wata da watanni don basa son miƙa ta ga namiji a kasuwa da hotunansu na biki da na cikin gida a ciki, ga shi sai an nemi lambar buɗewa. Mace mai gyaran waya da ta iya canza sikirin da bakin caji da batir, ta iya like da dalma, ta iya kwashe bayanai ta mayar, a hostel kaɗai bazata rasa aiki ba. A Kano kasuwar Farm Centre da titin Beirut cike suke da masu gyara da masu kayan gyara, kowane babban gari kuma yana da irin tasa. Sai gyaran keken ɗinki, wannan kusan ba mai kula shi, alhali dubban mata suna ɗinki a cikin gida kuma duk ranar da keke ya fara tsallake zare ko karya allura sai an kwance kansa an ɗora a adaidaita an kai wa makaniki. Sai ɗaukar hoto da bidiyo a wajen kamu da wuni da walimar mata, inda iyalai da yawa yanzu suke cewa mace suke so ta ɗauka. Har kanikancin mota mata sun shiga, Sandra Aguebor ta kafa shirin horar da mata makanikai tun 2004, a Sakkwato ma akwai garejin mata zalla da ƙungiyar Nana ta buɗe, don haka ba ke zaki fara fasa wannan hanyar ba.

Ga masu karanta wannan amsar da ba Fiziks suke ba, ku fara duba abinda yake maƙwabtaka da kwas ɗinku. 'Yar Kemistiri ita ya kamata ta riƙe harkar sabulu da mai da turare amma da awo da gwaji, ba da haɗe-haɗen man bilicin masu ƙona fatar mutane ba. 'Yar aikin gona ta kama kiwon kaji ko kifi ko haɗa abincinsu. Mai kwamfuta a hannu ta duba shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023 tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, ana koyar da nazarin bayanai da zanen manhaja da tsaron intanet kyauta ga waɗanda aka ɗauka. 'Yar Hausa ko Larabci ko Turanci ta ƙware a bugun rubutu da fassara da tace rubutu.

Maganar ƙawayenki kuma, ban raina kwalliya da kek ba wallahi, sana'o'i ne na halak kuma suna ciyar da gidaje. Sai dai ki sani kin shiga inda cunkoso yake, a hostel ɗaya sai ki samu masu kwalliya goma, kuma kasuwarsu ta lokaci ce, bayan sallah da hutun ƙarshen shekara biki yayi yawa, azumi ya zo komai ya tsaya. In zuciyarki can ta karkata to ki shiga da zurfi. In ɗinki ne kar ki tsaya a doguwar riga da siket, ki koyi zana fatan da yanka a takarda, ki hau keken wuta na masana'anta, ki nemi kwangilar yunifom da hijaban islamiyya da rigunan ma'aikatan asibiti, nan ne aiki baya yankewa, ki kuma san hanyar Kantin Kwari da kanki don ribar tela rabinta a wajen sayen yadi take. In lalle ne ki san cewa dayis ɗin da ake sakawa don yayi baƙi wuluk yana da sinadarin da yake tayar wa wasu da ƙuraje da kumburi, ki riƙa gwadawa a ɗan waje kafin ki zana wa amarya hannu biyu ana gobe ɗaurin aure.

To a ina za'a koya? Gaskiyar magana mafi yawan ƙwararrun ƙasar nan a wajen oga suka koya, a shago, ba a aji ba, kuma ke ma sai kin bi ta nan ko da kin yi kwas. Abinda yafi shine ki haɗa biyu, ɗan gajeren kwas mai tsari da kuma zaman shago. A harkar wuta akwai cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, tana da rassa a Kano da Kaduna da Jos da Kainji kuma tana yin kwas ɗin haɗa sola. Akwai hukumar samar da aikin yi, NDE, da take tura matasa wajen masu sana'a a kowace jiha, akwai asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, a Kano akwai cibiyar koyon sana'a ta Aliko Dangote a titin Zariya, a Kaduna ga Panteka wadda ita kanta makaranta ce ta ƙere-ƙere. Kafin ki biya ko sisi a ko'ina kije da ƙafarki ki gani, kayan aiki nawa ne, mutum nawa ne akan kowanne, ɗalibai suna taɓawa da hannunsu ko kallo suke, ki nemi wadda ta gama a wajen ki tambayeta me take yi yanzu. Wajen da suka fi baki labarin kyawun satifiket da bikin yayewa akan labarin aiki, ki riƙe kuɗinki.

Zaman shago kuma yana da nasa haɗarin ga 'ya mace, bazan ɓoye miki ba. Akwai ogan kirki da zai ɗaukeki kamar 'yarsa, akwai wanda zai maidaki 'yar aike da shara wata uku baki taɓa filaya ba, akwai kuma wanda zai fara da wasa da kyauta da "tsaya ki tayani rufe shago". Shi yasa nake cewa a samu oga ta hanyar wanda ya sanshi, Baba ko yayanki ko kawu yaje da kansa ya damƙa ki, a rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, wata nawa, nawa za'a biya, me da me za'a koya, ƙarfe nawa ake tashi. Ku tafi ku biyu ke da ƙawarki in da hali. Aikin waje a gidan da baki sani ba kar kije ke kaɗai, a gida su san inda kike. Ranar da kika ga take-taken banza ki faɗa a gida ki bar wajen, kuɗin da kika biya bai kai mutuncinki ba.

In kin iya, sai ki nemi shaidar da ake ganewa. Akwai gwajin sana'a, wato Trade Test, na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ana farawa daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1, akwai jarabawar sana'o'in fasaha da kasuwanci ta NABTEB, akwai kuma shaidar ƙwarewa ta NSQ ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna, wadda ita ba'a zaune ake rubuta ta kawai ba, mai tantancewa ne yake kallonki kina aikin da hannunki. In kika yi nisa a harkar wayarin har kina son karɓar kwangila, hukumar NEMSA ce take bada shaidar masu haɗa wuta. Digirin Fiziks da ɗaya daga cikin waɗannan a hannu ɗaya, kamfanonin sola da ƙungiyoyin da suke saka wa asibitocin karkara wuta irinki suke nema.

Lokaci fa? Kina dashi fiye da yadda kike zato. Dogon hutu na ƙarshen zango, Asabar ɗin da ba lakca, sannan babbar damarki SIWES, wato aitin da zaku tafi a aji uku. ITF ce ta kafa shirin tun 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama, a jami'o'i da yawa wata shida ne cur, amma abin takaici ɗalibai da yawa ofis suke nema inda za'a sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta. Ke tun yanzu ki fara neman kamfanin sola ko wakshof na gaske da zai karɓeki, wata shida na zuwa kullum ya isa ki tashi daga 'yar kallo ki koma mai riƙe aiki. Allah ya kiyaye yajin aiki, amma in ya zo kar ya wuce a banza, na 2020 ya kai wajen wata tara, na 2022 wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, waɗanda suka shiga shago a lokacin sun dawo makaranta da sana'a a hannu. In kinje bautar ƙasa akwai shirin koyar da sana'a na SAED da NYSC ta fara a 2012, amma na cikin sansani gabatarwa ce ta 'yan kwanaki, wanda yazo da abinsa shi yafi cin moriyarsa. Sai dai ki ji da kyau, sati uku kafin jarabawa a ajiye kayan aiki, duk kwastoman da bazai jira ba ya tafi. Bana son inji kin kwaso kariyoba saboda kuɗin gyaran soket, digirin shine zai bambanta ki da sauran masu gyara.

Wannan ya kawo mu kan Baba. Kar ki ɗauka ƙin ci gabanki yake, tsoro yake ji, na farko kar karatun da yake biya da guminsa ya lalace, na biyu kar 'yarsa ta shiga kasuwa cikin maza ayi ta magana. Duk biyun tsoro ne mai tushe, don haka ba da gardama ko "ai zamani ya canza" zaki shawo kansa ba. Ki fara da Umma ko wata gwaggo da yake jin maganarta. Ki kai masa sakamakonki ya gani da idonsa, kice Baba lokacin hutu kawai nake so, ga wajen, ga mai wajen, kaje ka ganshi in bai kwanta maka ba na haƙura, in kuma makina ya sauka ni da kaina zan daina. Ki nuna masa cewa abin cikin karatunki yake, furaktikal ɗin abinda ake koya muku ne. Sannan ki bari aikin yayi magana, ranar da kika gyara fankar ɗakinsa ko kika gano dalilin da batirin masallacin unguwa baya kai asuba, maganar zata canza. Haka in maganar aure ta taso, a faɗa wa mai nema tun farko cewa ga sana'arki ga yadda kike yinta, a daidaita kafin a shafa fatiha, don na ga ƙwararrun 'yan mata da kayan aikinsu suka yi tsatsa a ƙarƙashin gado saboda ba'a yi wannan maganar ba.

Saura kuɗi. Abin daɗin harkar gyara shine jarinta ƙarami ne, mita da testa da filaya da sukundireba da abin yanke waya da ƙarfen like, ki riƙa saye ɗaya bayan ɗaya, kayan aikin kuma kwastoma ne yake bada kuɗinsu. In kina karɓar naira 20,000 na wata-wata daga asusun bada bashin karatu na NELFUND ki tuna bashi ne da za'a biya, in kin ɗan tsakura kin sayi mita yafi ki ƙarar dashi a data. Adashi da 'yan ajinku masu amana ma yana tada mutum. Manhajojin bada bashi na waya kuwa ki guje su, ga ruwa mai yawa ga tozarci, in kasuwa ta girma har kina buƙatar jari akwai bankunan da basa harkar ruwa irin Jaiz da TAJ, akwai hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN, akwai gidauniyar Tony Elumelu da take bada dala 5,000 kyauta ga waɗanda suka yi nasara tun 2015 kuma a farkon shekara ake cike fom ɗinta, sai dai masu nema suna da yawa ƙwarai, kar ki jingina rayuwarki da ita. Duk wanda yace ki turo kuɗin fom ko lambar BVN ko lambar da banki ya turo miki don a saka ki a tallafi, ɓarawo ne. Haka masu cewa kawo kuɗi a ninka miki, kin dai ga yadda manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da dukiyar mutane a Afrilun 2025.

Abinda yafi kashe sana'ar mata a wajenmu ba rashin iyawa bane, rashin lissafi ne da jin kunya. A ce kin sayi kaya na 6,000, kin hau adaidaita zuwa da dawowa 1,000, kin karɓi 8,000, sai kice kin ci ribar 2,000, alhali 1,000 ce, ita ma ladan wuni guda ce, baki saka kati da lalacewar kayan aiki ba. Ki sayi ɗan littafi ki rubuta duk abinda ya shiga da wanda ya fita, kuɗin sana'a asusunsa daban na cefanen makaranta daban. Ki koyi faɗin kuɗin aikinki kai tsaye ba tare da sunkuyar da kai ba, a baki kuɗin kaya kafin ki fara, ki rubuta wa mutum abinda kika saka masa da ranar. 'Yan uwa kuma zasu zo da "ai ke tamu ce", ki ware wanda zaki yi wa don Allah da zumunci kiyi masa da zuciya ɗaya, sauran ki musu ragi amma su biya. In aiki ya fara yawa kiyi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ana yi ta intanet, don makaranta ko asibiti bazasu tura kuɗin kwangila asusun sunanki ba.

Don haka a wannan samistan ba sai kinyi wani babban abu ba. Ki samu mai kula da ɗakin gwajin sashenku, waɗannan masu fasahar sun san aikin hannu sosai kuma ɗalibai basu cika kula su ba, ki roƙeshi ya koya miki riƙe mita da like waya yadda ya kamata. Ki zauna ki lissafa lodin gidanku kamar yadda na nuna miki a sama, ki kai wa wani mai haɗa sola ya duba miki ko daidai ne. Kafin hutu ya zo ki tabbatar an yi magana da Baba an kuma samu wajen da zaki fara zuwa. In kin turo min sunan garinku zan faɗa miki cibiyar da tafi kusa dake da irin tambayoyin da zaki yi musu kafin ki biya. Allah ya bada sa'a ya sa albarka a karatun da sana'ar.